Tarihin Sirdi da Zaman Mahayi: Me Ke Ɓata Bayan Doki?



'Yan uwa, kusan kowace shekara idan an kammala hidimar Babbar Sallah, akwai muhawarar da kan taso tsakanin mutanenmu masu harkar dawaki a nan ƙasar Yarbawa. Dawakin da aka kai haya bikin Ojude Oba na Ijebu-Ode, da na bukukuwan aure da naɗin sarauta, da waɗanda yaranmu ke ɗora 'yan yawon shaƙatawa a bakin teku a Legas, da dama sukan dawo turke da miki a gadon baya. Wani ko hannu ka ɗora masa sai ya gantsare ya kwantar da kunnuwa. Dattawa sukan ɗora laifin a kan wasannin da ake koya wa dawakin: rawa, da durƙuso, da tsayuwa da ƙafafun baya. Samari kuma su ce ai rawar doki gado ce, tun kaka da kakanni ake yin ta.

Maganar ta wuce ta fatar baki. Doki jarin mutum ne, kuma wanda bayansa ya ɓaci yakan yi makonni ba a ɗora masa sirdi ba, ga harawa da dusa ba a fasa saye ba, ga kuɗin magani. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, domin tambayar ta girme mu duka, kuma waɗanda suka riga mu sun biya kuɗin amsarta da tsada.

Abin da muke zama a kai

Kafin tarihi, bari mu san ƙirar wurin. Ƙashin bayan doki daga kafaɗa zuwa kuturi jerin gaɓoɓi ne: 18 masu riƙe da haƙarƙari, sai 6 na tsatso waɗanda babu haƙarƙari a jikinsu. Kamar gada yake tsakanin ƙafafun gaba da na baya, nauyin ciki kuma yana rataye a ƙarƙashinsa. Wurin da ke iya ɗaukar mahayi shi ne inda haƙarƙari ya tallafe. Tsatso kuwa ba shi da mataimaki sai tsoka.

Kowace gaɓa tana da tsinin ƙashi da ya miƙe sama, a jere kamar haƙoran matsefi. Idan doki ya sassauta wuya ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, bayan yakan ɗago, tsinayen su buɗe. Idan ya cilla kai sama ya gantsare, sai su matso juna, a wasu dawakin har su riƙa gugar juna. Sannan ƙasusuwan baya su ne na ƙarshe wajen ƙosawa a jikin doki, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Mu riƙe waɗannan abubuwa, domin duk labarin da zai biyo baya a kansu yake tafiya.

Daga hawan ƙawara zuwa lifidi

A da can, dawakin da ke wannan yanki namu ƙanana ne, irin ƙuru, kuma hawan ƙawara ake yi musu. Har farkon ƙarni na 20 Turawan da suka shiga tsaunukan Filato sun tarar ana hawan ƙuru babu sirdi. Manyan dawaki da kayan hawansu ta hanyar Sahara suka shigo, wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, kuma harshenmu ma ya ba da shaida: sirdi da linzami da likkafa duk kalmomin aro ne daga Larabci.

Sirdi ya canza yaƙi, ya kuma canza abin da bayan doki ke ɗauka. Amfanin sirdin itace shi ne yana raba nauyin mahayi a kan tsokar da ke gefe biyu na ƙashin baya, ya bar ƙashin kansa babu abin da ke danne shi. Amma da aka samu sirdi sai aka samu damar ƙara kaya. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ɗan lifida da kayansa da na dokinsa nauyi ne mai yawa, shi ya sa 'yan lifida ba su da sauri, kuma sai ƙaƙƙarfan ingarma ake zaɓar musu.

Doki a wancan zamani dukiya ce ta gaske. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa a Barno akan ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya. Abin takaici ne a ce an taɓa auna ɗan Adam da dabba, amma lissafin yana nuna mana cewa babu sarkin da zai yarda a lalata masa doki da ganganci. Saboda haka aka kafa tsari. Aka yi sarautar Shamaki mai kula da barga, ga Madaki mai jagorancin mahaya, ga barori waɗanda ba su da aiki sai yankan ciyawa da wanka da kilisa. Kuma kundin nan na Kano ya lissafa dawakin zage cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a yaƙinsa da Katsina. Dokin zage shi ne wanda ake ja babu kowa a kansa, domin idan na hawa ya gaji a sauya. Yau muna ganin su a gaban sarki ranar hawan sallah muna ɗauka ado ne kawai, alhali asalinsu dabara ce ta kada doki ɗaya ya wuni da mutum a bayansa.

Wannan ilimi shi ya fara haɗa mutanen Arewa da dawakin Kudu. Daular Oyo ta yi ƙarfi a ƙarni na 17 da na 18 da rundunar dawaki, amma ƙudan tsando da cutar sammore ba su bari doki ya yi zuriya sosai a nan ba. Sai an sayo daga Nufe da Bargu da ƙasar Hausa, kuma masu kula da su a bargar manyan Oyo galibi 'yan Arewa ne, da yawansu bayi. Wato yaranmu da ke riƙe da ragama a Sabo da Agege da Shagamu sun tarar da sana'ar da ta daɗe a hannun mutanenmu.

Darasin da sojojin Turai suka koya

Ba mu kaɗai muka yi yaƙi da doki ba, kuma da yake Turawa sun rubuta asararsu da alƙaluma, za mu iya karatu daga gare su. A yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sojojin Ingila sun rasa dawaki sama da 300,000. Mafi yawa ba harsashi ya kashe su ba. An sauke su daga jirgin ruwa ba su huta ba, aka labta musu kayan da ya wuce kilo 100, ga ƙarancin abinci, ga sojojin da ba su iya kula da dabba ba. Bayan wannan asara Ingila ta gyara horon mahayanta, ta saba musu da sauka su ja dokin da ƙafa a kan hanya, su kuma sassauta majayi duk lokacin da aka tsaya.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, sai aka ga bambanci. Rundunar dawakin Faransa ƙarƙashin Janar Sordet ta yi ta zirga-zirga a Beljiyam da arewacin Faransa, sojojin suna wuni a kan sirdi, ko an tsaya ba su cika sauka ba. Cikin 'yan makonni bayan dawakin ya ruɓe, har waɗanda suka gan su suka ba da labarin cewa akan ji warin miki idan rundunar ta gifta. Dawakin Ingila da ke filin daga ɗaya da su sun fi su lafiya nesa ba kusa ba. A lura: waɗannan dawaki babu wanda aka koya wa rawa ko durƙuso. Nauyi da daɗewa a kan sirdi kaɗai sun isa su kashe baya.

Yadda zaman mahayi ya canza

Shi ma zaman kansa yana da tarihi. Wani sojan Girka mai suna Zenofon, wanda ya rayu kusan shekara 2,400 da suka wuce, ya rubuta littafi a kan hawan doki tun ba a san likkafa ba. Shawararsa ita ce kada mahayi ya zauna kamar mai zama a kujera, ya kasance kamar mutumin da ke tsaye ya buɗe ƙafafu. Likkafa sai a ƙarni na 4 bayan Annabi Isa (AS) ta bayyana a ƙasar Sin, daga nan ta bazu.

Duk da haka, har ƙarshen ƙarni na 19 mahayan Turai idan za su tsallake shinge baya suke kwantawa, su miƙe ƙafa gaba, su ja linzami. A tunaninsu suna taimakon dokin ne. Wani hafsan sojan Italiya, Federico Caprilli, wanda aka haifa a 1868 ya rasu a 1907, ya tsaya ya lura da yadda doki ke tsalle idan babu kowa a kansa: yana miƙa wuya gaba ne ya lanƙwasa baya sama. Sai ya gajarta likkafa, ya koya wa mahayi ya ɗaga mazaunansa daga sirdi ya bi dokin gaba, ya sakar masa baki. A gasar birnin Turin ta 1902 ya tsallake mita 2.08. Sojan Italiya suka karɓi tsarinsa, wasu ƙasashe suka turo hafsoshinsu makarantar Pinerolo su koya, kuma har gobe da salon nan ake tsallen doki a duniya.

A fagen sukuwa ma haka aka yi. Wani Ba'amurke, Tod Sloan, ya je Ingila a 1897 yana hawa a tsugune a kan gajeriyar likkafa. Aka yi ta yi masa dariya ana kwatanta shi da biri, amma da ya yi ta cin tsere sai kowa ya kwaikwaye shi. A 2009 masana a kwalejin likitancin dabbobi ta Landan sun nuna cewa saurin dawakin tsere ya ƙaru da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a shekarun da salon ya bazu, domin ƙafafun mahayin ne ke shanye girgizar maimakon dokin ya riƙa ɗaga shi yana sauke shi a kowane taku. Kafin nan, a 2004, wani bincike a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ya gano cewa sirdi da nauyin kilo 75 a kai yana sa bayan doki ya ƙara lotsawa ƙasa yayin tafiya. To ina ga mahayin da ya jingina da kwacciyar baya, ya tura nauyinsa wajen tsatso, yana dukan sirdi a kowace sassarfa?

To, ina laifin wasa?

Yanzu mu zo kan maganar dattawa. A birnin Biyana na Ostiriya akwai makarantar hawan doki da ta haura shekara 450, wadda babban zaurenta na yanzu aka kammala shi a 1735. Fararen ingarmunta suna yin duk abin da namu ke yi har da ƙari: suna rawa a wuri ɗaya, suna tsayuwa da ƙafafun baya, suna tuma su harba a sama. Duk da haka da yawansu sukan haura shekara 20 suna aiki. Sirrin shi ne ba a fara horar da su sai sun kai wajen shekara 4, horon yakan ɗauki kusan shekara 6, wasanni masu wuya ana fara su ne daga ƙasa babu mahayi, kuma ba kowane doki ake sa wa ba, sai wanda ƙirarsa ta dace. Idan dokinsu zai tashi, yana dunƙule cinyoyi ne ya zauna a kansu, bayansa a ɗage.

Haka kuma a 2011 masu bincike a jami'ar jihar Michigan ta Amurka sun yi wata uku suna sa dawaki su bi abinci da baki, su sunkuya tsakanin ƙafafun gaba, su waiwaya har gefen ciki. Da aka auna sai aka ga ƙananan tsokokin da ke riƙe da ƙashin baya sun ƙara kauri. Ke nan sunkuyo da durƙuson da doki ya koya a hankali, da ɗan abin lasa a hannu, motsa jiki ne a gare shi.

Matsalar tana wajen hanyar da ake bi. Linzaminmu na gargajiya yana da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓa da harshen ƙarfe da ke taɓa ganɗa. An ƙera shi ne domin mayaƙi mai mashi a hannu ya tsayar da doki nan take da hannu ɗaya, kuma a hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. Amma idan yaro ya fizge shi yana zuba ƙaimi a lokaci guda, dokin ba shi da gaba ba shi da baya, sai ya cilla kai sama ya gantsare ya tashi. Wannan taɓarya ta gudun zafi ce, kuma tana faruwa ne daidai a yanayin da tsinayen ƙashin baya ke matse juna, ga mutum ya rataya a linzami nauyinsa duk ya koma baya. 'Yan kallo suna tafi, dokin yana biya. Zenofon ma ya kwatanta dokin da aka tilasta wa wasa da ɗan rawar da ake yi wa bulala, ya ce babu kyau a abin da aka yi dole. Zamiya ita ma haka take: a kan rairayin filin hawa daban, a kan kwalta daban.

Ke nan samari sun yi gaskiya da suka ce wasa gado ne, dattawa kuma sun yi gaskiya da suka ga dawakin wasa suna saurin lalacewa. Abin da ya shiga tsakani shi ne gaggawa.

Abin da muka riƙe da abin da muka saki

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, bindiga mai ruwan harsashi ta kawo ƙarshen yaƙin doki. Doki ya koma na hawan sallah da daba: wadda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da ta Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da ta bikin FESTAC a Kaduna a 1977, har zuwa Disambar 2024 da hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya. Abin alfahari ne. Sai dai a zamanin yaƙi, wanda ya bar dokinsa da miki ransa ya sa a haɗari. Yau kuwa jalala tana rufe mikin, biki ya tashi, mai haya ya tafi gida, asarar ta rage wa mai doki da dabbar da ba ta da bakin magana.

A gidajen sarauta da wajen tsofaffin mahaya har yanzu akwai masu kiyaye tsohon tsari. A kasuwar haya ne abin ya fi lalacewa. Sirdi ɗaya ake yawo da shi a kan dawaki biyar, alhali itace ba ya lanƙwasa ya bi ƙirar kowane baya. Shimfiɗar ƙasan sirdi ta jiƙe da gumi ta bushe ta yi tauri, a sake mayar da ita. Duƙushi ɗan shekara 2 a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, an manta ɗanyen icce ba a yin azara da shi. A bakin teku kuma a ɗora babba da yaro a baya, wato daidai kan tsatso, tun hantsi har magariba.

Shawararmu ga 'yan uwa

Na ɗaya, a duba nauyi. Ƙa'idar da masu dawaki suka daɗe suna amfani da ita ita ce mahayi da sirdi da ado kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin. Dokin kilo 350 ke nan kilo 70 ne rabonsa. Mai haya mai jiki a nemo masa babban doki, ko a ba shi haƙuri.

Na biyu, kowane doki da sirdinsa. Bayan an ɗaure majayi an hau, yatsu biyu zuwa uku su iya shiga tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa, kuma ƙarshen sirdin kada ya wuce haƙarƙarin ƙarshe. Idan an sauke sirdi a shafa bayan da hannu. Kumburi, ko zafi, ko wurin da gashi ya fara fari, duk saƙo ne. Mai miki ba a ɗora masa sirdi sai ya warke sarai, kuma a nemi likitan dabbobi.

Na uku, a koya wa mai haya zama kafin a miƙa masa linzami: a tsakiyar sirdi, kafaɗa da ƙugu da diddige a layi ɗaya, hannu a sake. Wanda bai iya ba a ja masa da ragama.

Na huɗu, wasa sai doki ya ƙosa, a fara daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, a kan ƙasa mai laushi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, a dawo da hikimar dokin zage. Masu dawaki su haɗa kai su riƙa sauya wa juna a ranar biki, kuma duk lokacin da aka tsaya jira a sauka a sassauta majayi. Wannan ma ba sai mun je Turai neman hujja ba. Ya zo a Sunan Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mutane mayar da bayan dabbobinsu mumbari, wato mutum ya yi zamansa a kai yana harkokinsa alhali yana iya sauka.

Maƙwabtanmu idan suna neman doki wajenmu suke zuwa, domin sun yarda mu ne muka san shi. Wannan suna kakanninmu suka bar mana, kuma bayan dawakinmu ne zai nuna ko mun riƙe shi. Muna roƙon dattawanmu da suka taso a barga su zaunar da samari su nuna musu abin da suka sani tun suna da ƙarfi, masu dawaki kuma su isar da wannan ga yaran da ke yi musu aiki.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya hore mana, Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.

Sakataren ƙungiya